Wasiyyar Lambun Bakin Kogi

"Baba ya amince, Safina. Ya ce Juma'ar nan za a ɗaura mana aure."

Kwandon tumatirin da ke hannuna ya suɓuce. An daɗe Yaya Talha yana roƙon mahaifinsa, Baffa Ashafa, a kan maganata, kullum amsar ɗaya ce: "Ba yanzu ba."

"Juma'ar nan? Yaya, da gaske kake?"

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana tsince tumatirin daga bakin kwamin ban-ruwa.

"Wai ango ne wannan ko mai kawo ta'aziyya?"

"Zauna, ƙanwata. Yaushe alƙali ya ce ku koma?"

"Litinin..."



Babana ya riga kakanmu Malam rasuwa, don haka ni ba ni da gado a gidanmu. Malam ya san da haka. Da farko tumakinsa ya ce a ba ni. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya aika aka kira Liman Mailafiya da Yaya Talha, ya ce ya canza magana: lambun nan na bakin kogi shi ne wasiyyarsa gare ni, bai ko kai sulusin dukiyarsa ba. Ina bakin ƙofa riƙe da kwanon kununsa, na ji lokacin da ya kama hannun Yaya Talha.

"Ka ji da kunnenka. Kada ka bar ni da nauyin marainiya a kabari."

Babu wanda ya rubuta. Wa zai nemi takarda a gaban liman?

Malam ya rasu da kaka, Liman ya bi shi kafin azumi. Sai Baffa ya ce shi tumaki ya sani, zancen lambu kuwa magagin ciwo ne. Lambun nan ni da Innata Rakiya muke nomawa tun rasuwar Baba, shi ne cinmu, shi ne suturarmu. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, kowa na cewa yanzu ba a cin haƙƙin maraya, shi ya sa Inna ta yi ƙarfin hali muka je kotu a Ringim. Alƙali ya ce in kawo shaidan da ya rage, in haɗa da rantsuwa.

"Safina," Yaya Talha ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba a karɓar shaidar miji a kan abin da matarsa za ta samu. Idan aka shafa fatiha ranar Juma'a, ranar Litinin bakina ya mutu."



"To shi ke nan! A bar masa lambun. Ni kai nake so."

"Inna fa? Me za ta ci?"

"Za ta ci abin da muka ci!"

"A gidan Baba? Ta miƙa masa kwano?" Ya girgiza kai. "Ko da ma kin yafe, ni ban isa in yafe ba. Hannuna Malam ya riƙe. Har yau in na ɗaga shi zan yi kabbara, sai in ji yatsunsa."

"Idan ka tsaya shaida kuma?"

"Baba ya rantse. Ya ce in na buɗe baki a kotu, muddin yana numfashi ba zai ba ni ke ba. Kin san shi ne waliyyinki."

Na fashe da kuka. "Yaya, kada ka yi min haka... Don Allah, masoyina, ƙasa ce fa kawai!"

Ya miƙa min kwandon, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ranar Alhamis Baffa ya shigo sashenmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun sadakar arba'in. Ya ajiye huhun goro a gaban Inna, yana murmushi.

"Rakiya, mu rufa wa juna asiri. Tuwona maina. Abin da ke hannuna ai na 'ya'yansu ne gobe."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Da ya fita ta dubi goron kamar an ajiye mata maciji. "Wanda bai ba ki kan tumatir ba, yau ya ba ki ɗansa? Hmm."

Juma'a ta zo, maza suka cika ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci. Ina ɗaka da lalle a ƙafata, ina jin hayaniyarsu. Can sai hayaniyar ta ɗauke. Aka nemi ango sama da ƙasa, babu shi. Har la'asar ba wanda ya taɓa goron.

Sai ranar Litinin na gan shi, a bencin kotu, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Baffa na gefe guda yana jan carbi, bai ko dube shi ba.

Alƙali ya kira Yaya Talha, ya miƙe.

"Wannan da ake ƙara, mene ne shi a wajenka?"

"Mahaifina ne, Allah ya gafarta Malam."

Carbin Baffa ya tsaya.

"Ita mai ƙara fa? Akwai aure ko alkawarin aure tsakaninku?"

Na sunkuyar da kai. Lallen nan yana ƙafata, ya kama jawur, ko kwana huɗu bai yi ba.

"Talha," in ji Baffa a hankali, "ka tuna rantsuwata."

Yaya Talha ya dubi hannunsa na dama, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗago, hawaye na bin gemunsa.

"Babu, Allah ya gafarta Malam. 'Yar ƙanin babana ce... shi ke nan."

Alƙali ya gyara zama. "To, faɗa mana abin da ka ji."

Na ja zanena na rufe ƙafafuna, na saurara.