Apologiyar Wanpis

Saran farko a ƙofar ajin Helenanci ya sauka, na biyu a kan teburin Wanpis!

Kafin ta miƙe, yayanta Yakas ya damƙi gashinta ya fizgo ta ƙasa. Bakinsa ja wur da buai, irin goron da ake taunawa a nan, addarsa duk taɓon hanya.

"Tashi, maciya amana!"

"Yaya... gidan Allah ne fa nan!"

"Allah ne ya ce ki sayar da jinin Baba?"

Ya kwaɗa mata mari har leɓenta ya fashe. Ɗaliban fastoci, masu wa'azin kada a ji tsoro, tuni sun fice ta taga. Mutum ɗaya ne ya tsaya: Maso, saurayinta, ɗan ƙabilar ƙetaren kogi, waɗanda kibiyarsu ta kashe uban Wanpis.

"Sake ta, Yakas."

"Kai ma nake nema, ɗan ƙetare!"

Adda ta sauko. Maso ya tare da hannun dama... yatsu biyu suka faɗi a kan littafin nahawu.

"Wayyo Maso! Masoyina!"

Ta cire mayafinta ta ɗaure hannun, jini na ratsowa. Kowa a wurin ya san abin da zai biyo baya: labari na haye kogi, gobe gidaje za su ci wuta.

Yakas yana huci ya nuna wani ɗalibi da ya laɓe bayan allo. Lepa ne, wanda Wanpis ta ƙi soyayyarsa bara.

"Wannan ya faɗa mini! Ranar Asabar za ki tsaya gaban jama'a ku yi apologiya ke da ɗan ƙetaren nan. Na san Turancina daidai gwargwado, neman gafara ke nan!"

A tsaunukanmu kuwa, wanda ya nemi gafara a bainar jama'a ya amsa cewa laifin jinin nasa ne.

Wanpis ta tofar da jini, ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Yaya, ba Turanci ba ne, Helenanci ne! Jarrabawarmu ce ta kāre bangaskiya. Apologiya ita ce mai tuhumarka ya tsaya, kai ma ka tsaya ka ba shi amsa. Lepa ya fi kowa sani, shi ne na ɗaya a aji!"

Lepa ya lallaɓa ya bi taga.

"To ga tawa, tun ba a kai Asabar ba," ta ce. "Ranar da aka kashe Baba, Maso yana goye a bayan uwarsa. Ina sonsa. Manzo Bitrus ya ce a ba da amsa da tawali'u, shi ya sa ban rotsa maka kai da kujerar nan ba!"

Addar ta yi wa Yakas nauyi. Ya dubi yatsun da ke kan littafi.

"Danginka za su tambayi wanda ya sare ka..."

Maso ya jingina da bango, fuskarsa ta yi toka.

"Ni ɗalibin fasto ne, ba zan yi ƙarya ba. In na ce abokin gāba ne, yaƙi ke nan. In na ce surukina ne, maganar gida ce. Wanne zan faɗa?"

Yakas ya sauke addar.

"Ka ce surukinka," in ji Yakas can ƙasan maƙoshi.

Ranar Asabar, kafin a fara jarrabawa, Yakas ya shigo filin makaranta janye da ƙaton alade, diyyar yatsun da ya sare. Gaban dangin Maso ya durƙusa ya nemi gafara da bakinsa.

Da ya tashi, ya matso kusa da ƙanwarsa yana hararar ta.

"Wannan da na yi, me ake ce mata da Helenancin naku?"

"Metanoya, Yaya, wato tuba. Sai aji na gaba ake koyar da ita."

Ta zare alƙalami daga jakar saƙarta ta zauna gefen Maso.

"Faɗi, rabin raina, ni ce hannun damanka."