Fim ɗin da Ya Tsaya a Rabi

Ranar da Fumika ta fara aiki a wani ƙaramin kamfanin fim ɗin zane a unguwar Suginami, saura kaɗan wani saurayi ya bangaje ta. Gudu yake a baranda da buɗaɗɗiyar lema, ga rana ana ƙwallawa.

"Lafiya dai ko?"

"Yi haƙuri. So nake in gane yadda kafaɗa ke yi in ana gudu cikin ruwan sama. Sunana Naoto, ni ke zana motsin mutane."

"Ni kuma gonaki da gajimare," ta ce, tana danne dariya.

Teburinsu na kusa da juna. Tun suna raba taliyar rana har suka koma kiran juna da sunan shaƙuwa, Fumi-chan da Nao-kun.

Fim ɗin ya kai rabi masu ɗaukar nauyinsa suka janye. Aka rufe kamfanin, kowa ya kwashe zanensa a kwali.

Mahaifinta, manomin shinkafa a wani ƙauye a yankin Niigata, ya kira ta. "Dawo gida haka nan. Shi kuma yaron nan da ko aiki ba shi da shi, kar ki sake kawo min zancensa."

Ta koma, sai Naoto ya yi ɗif. Wata ƙawarta ta tsegunta mata cewa an gan shi yana shan shayi da Rie, shugabar masu zane a wani babban kamfani. Fumika ta ci kukanta, ta tura masa saƙo: "Da ka faɗa min da bakinka. Ina maka fatan alheri."

Nan take amsa ta shigo: "Haba Fumi-chan! Kwafin zanenki nake ta yawo da shi kamfani-kamfani. Na ƙi magana ne kar in sa miki rai a banza. Rie-san ta ɗauke ki, ni ma ta ce in zo gwaji. Gobe ina tafe."

Ya iso ana tsakar girbi. Tsohon bai ko dube shi ba, lauje kawai ya miƙa masa. Sai da yamma ta yi, hannunsa duk ya yi bororo, Naoto ya durƙusa ya baje masa zanen Fumika a tabarma.

Tsohon ya daɗe yana kallo. "Ai wannan gonata ce. Ga ma rumbun da ya karkace."

"Duk fim ɗin a gonarka yake, Baba. Kullum zancenka take."

Tsohon ya juya baya, ya ce a kawo wa Naoto abinci.

Da kaka ta zagayo aka ɗaura aure a wurin ibadar ƙauyen, tsoffin abokan aikinsu duk sun zo. Fumika cikin farar rigar gargajiya ta kimono ta sunkuya gaban mahaifinta. "Na gode, Baba."

Tsohon ya kama hannun ango da hannu biyu. "Ni ne da godiya, ɗana. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare."