Muryar da Mai Wanki Ya Bari a Tulu

Duk wanda ya ce muku muhawarar 'yan takara ce ke sa mutane su yanke shawara, bai taɓa shiga ɗakin baya ba. Ni mai ɗaukar hoto ne a gidan talabijin, a ɗakin nan na tsufa. Da an kashe fitilun dandali, sai 'yan koren kowane ɗan takara su dira, su yi mana bayanin abin da muka gani da idonmu. Mu kuma mu kwasa mu watsa. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya har gobe.

A nan na san Mai Wanki. Mun sa masa sunan ne saboda duk kashin da ogansa ya yi a dandali, shi ke zuwa wankewa. Wankin kuma ba ya fita. Ogan ɗan takara ne, attajiri mai kamfanin magani, amma jimla ɗaya ba ya iya haɗawa. Mai Wanki zai yi ta zuba yana gumi, 'yan jarida na danna waya. Shi kuwa gidan haya yake, tsohuwarsa ba lafiya, ga mata, ga 'yarsa tilo da suka daɗe suna jira har suke ce mata Kyauta.

Ranar da ogan ya ce zai sallame shi, ya nufi wani boka a bayan shagon gyaran rediyo. Shi ya ba ni labarin daga baya, ni ma ban yarda ba sai da na gani.

Da rana tsaka ne, amma ɗakin duhu. Matattun rediyoyi jibge har rufi, wasu na shuuu ba batir ba waya. An rataye busassun harsunan dabbobi a igiya. A tsakiya akwai baƙin tulu, bakinsa shafe da jini.

"Kuɗi kake so," in ji bokan.

"So nake in na yi magana a yarda. Kuɗin zai biyo baya."

"Yarda ba ta faɗowa daga sama. Sai an ɗebo ta daga wani wuri."

"A ɗebo. Nawa zan biya?"

"Riƙe kuɗinka. Muryar da kake magana da ita a gida za ka bar mini."

Mai Wanki ya yi dariya. "Me nake yi da ita? A kawo ruwa, a rufe ƙofa. Ɗauka."

Bokan ya sa shi ya durƙusa, ya kafa baki a tulun, ya faɗi maganar da ya fi tabbatar gaskiya ce a duniya. Ya ce, "Ina son 'yata." Tulun ya yi ɗumi kamar cikin dabba. Bokan ya toshe shi da kakin zuma, ya tsaga wa Mai Wanki harshe da reza, ya shafa baƙin gari.

A muhawara ta gaba ogan ya kwafsa fiye da kullum, har ya manta sunan jam'iyyarsa. Mai Wanki ya shigo ɗakin baya ya ce, "Yau kun ga shugaban da ya fi ƙarfin jam'iyya." Wallahi ina riƙe da kyamara na ji kaina yana gyaɗawa. Washegari kowace jarida ta ce ogan ya yi kaca-kaca da kowa. Ba editan da ya koma ya kalli faifan.

Sai arziki ya ɓarke. Motoci, gidan bene, 'yan siyasa na layi a falonsa.

A gida kuwa abu ya canza. In ya ce yana jin yunwa, matar ta yi murmushi ta wuce. Wata safiya ya ce wa tsohuwarsa, "Inna, kada ki dafa ƙarfen benen nan, ba a gama ɗaure shi ba." Ta ce, "Kai da zolaya." Ta dafa, ƙarfen ya ɓalle, ta faɗo ƙasa. Da yamma aka kai ta makwancinta. Ya sha jinin jikinsa, amma daɗin kuɗi bai bar shi ya tsaya ba.

A muhawarar ƙarshe abokin hamayya ya ɗaga kwalbar maganin tarin yara na kamfanin ogan, ya ce yara na mutuwa. Mai Wanki ya san gaskiya ne, ya ga sakamakon gwajin. Duk da haka ya tsaya gaban kyamarata ya ce, "Sharri ne. Wannan maganin shi nake ba 'yata."

Kowa ya yarda. Har da matarsa, da ke kallo a falo, Kyauta na tari a cinyarta.

Da ya koma gida ya tarar da kwalbar a kan tebur, an sha rabi.

"Ki zubar da shi! Guba ce, wallahi guba ce!"

"Haba Baban Kyauta, ba kai ka ce shi kake ba ta ba?"

"Ƙarya na yi!"

"Ka cika wasa," ta ce, tana dariya.

Ya fasa kwalbar, ta aika aka sayo wata. Ya ɗauki yarinyar zuwa asibiti, likita ya ce ai shi ma ya ji bayanin a talabijin, zazzaɓi ne kawai. Ya zo wurinmu a yamutse, na kunna masa kyamara, ya faɗi gaskiya yana kuka. Edita ya kalla ya ce, "'Yan hamayya sun saye shi," ya goge. Mai Wanki ya ruga wurin boka ya tarar da tulun a buɗe, wayam. Bokan ya ce, "An riga an shanye."

Kyauta ta rasu kafin ranar zaɓe, tare da 'ya'yan mutane da yawa. Uwar ta zautu. Tana zaune gaban talabijin a kashe da cokali a hannu, tana ta cewa, "Shi nake ba 'yata." Ogan ya ci zaɓe, ya ɗauki sabon mai wanki.

Yanzu duk ranar muhawara za ku ga tsohon Mai Wanki a bakin ƙofar gidan talabijin cikin tsumma, yana tare 'yan jarida yana faɗa musu gaskiya tsantsa. Su ratse shi su shige ɗakin baya.

Kai mai kwaɗayin da ke sayar da bakinka, ka ji tsoron Allah. Akwai ranar da za ka buƙaci mutum ɗaya tak ya yarda da kai, ran ɗanka na hannunsa, ya dube ka ya yi dariya.