Na Gaji Haƙuri

Duk kakar dabino, gonar da Ghazali ke aiki a bayan garin Riyad tana karɓar baƙi don karin kumallo ranar Asabar. Gurasa mai zafi, gahawa, sai dibis, zumar dabinon da yake wuni yana dafawa har bayansa ya ƙage. A nan ya fara ganin Muhibba, 'yar Alhaji Zayyanu na ofishin jakadanci. Ta lashi cokali ta ce, "Wallah wannan akwai daɗi kasir!"

Wai Hausa ke nan, sosai take nufi! A Riyad ta girma, Larabci ya cinye mata rabin harshe. Duk da gajiya sai da ya yi dariya, daga ranar ya laƙaba mata Zumata.

Soyayya ta ƙullu har aka kai ga maganar aure, Alhaji kuwa ya kafe. "Mai dafa dabino? Ga Uwais can a unguwar Ulaya, yaro da ofishinsa, ba ki gan shi ba?"

Kaka biyu ana abu ɗaya, kowa ya jigata. Ga shi aikin Alhaji ya zo ƙarshe, wata mai kamawa za su tattara su koma Abuja. Sai Muhibba ta tura wa Ghazali saƙo:

"Habibi, Baba ya sake cewa a'a. Za ka iya jira na?"

Yana gaban tukunya, gumi har cikin ido, yatsu duk danƙo. Ya daddanna a gurguje:

"Na gaji haƙuri Zumata."

Ita kuwa abin da ta karanta shi ne: na gaji, haƙuri. Shi ke nan, ya sallame ta! Ta toshe lambarsa ta shige ɗaki. Kwana tara ba ta cin abin kirki, shi ma bawan Allah ya yi ta kira har ya rame.

Ran na goma Alhaji ya leƙo, ta miƙa masa wayar. "Ga shi, Baba, ka huta. Ya gaji."

Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Ya dubi yadda 'yarsa ta zabge, ya sauke numfashi.

"Ke dai Hausarki sai addu'a. Gado yake nufi. Haƙurin ya gada wurin iyayensa, ba gajiya ya yi ba." Ya cire tabarau. "Ni ne na gaji."

Asabar ɗin ƙarshe ta kaka, Alhaji da kansa ya je gonar. Ya dangwali dibis da gurasa, ya ce, "Ghazali, turo magabatanka."

An ɗaura aure a unguwar Al-Suwaidi saura kwana huɗu Alhaji ya tafi. Ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su gaji haƙuri."

Muhibba ta share hawaye. "Amin, Baba. Wannan karon na gane."