Mai Riƙe da Rigar Manjo

Dare ya yi nisa lokacin da Manjo Maharazu mai ritaya ya fito daga asibitin da aka kwantar da matarsa a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa. Bas ta ƙarshe ta wuce, sai ya kama hanyar gida a ƙafa, ta gefen wani lambu mai duhu.

Wari ya fara ji, na baƙin tukunya da jiƙaƙƙiyar laka. Rabonsa da wannan wari tun yaƙin basasa, lokacin da yake tsara harin dare a kan ramukan abokan gaba. Shi ya kafa wa sojojinsa dokar: a cire takalmi, a shafe fuska da baƙin tukunya, kowa ya riƙe gefen rigar na gabansa. Idan aka ja riga sau biyu, an cika ke nan, a tafi. Shi kuwa a tanti yake zama da taswira. A nan yake daren da ya tura su Kofur Jalo, alhali ya san wata ya kusa fitowa. Ko ɗaya bai dawo ba.

Sai ya ji sawu a bayansa, ƙafa ba takalmi a kan kwalta mai ƙanƙara. Ya tsaya, sawun ma ya tsaya. Wani hannu ya kama gefen kwat ɗinsa, cikin ladabi.

"Wane ne?" ya tambaya, bai waiwaya ba.

"Mun cika, Yallaɓai," in ji muryar Jalo, ƙasa-ƙasa. "Yau kai ne a gaba."

Aka ja rigar sau biyu.