Sitika a Ƙarƙashin Bonet

Tun da aka fara ƙera mota a duniya, ba a taɓa wulaƙanta bakanike kamar yadda aka wulaƙanta ni ba, a falona, a kan kujerata, ina riƙe da kofin shayina!

Ni ne fa Likitan Inji. Mota ta yi tari daga bakin titi, na san ciwonta. Amma mijin 'yata Auta ya sayi mota sabuwa fil, ya zo ya durƙusa ya ce:

"Baba, garantin shekara bakwai suka ba ni. Sharaɗin dai, sabis a wurin dilan kamfanin kawai. In wani ya taɓa ta, garanti ya tashi."

"Wani?" na ce. "Ni ne wani?"

"Haba Dadi, plis!" in ji Auta. "Dokar kamfani ce."

"Kamfanin ne ya haife ki?"

"Malam, sha shayinka," in ji uwarta.

Na sha, amma bai wuce ba.

Dila kuwa ya samu saniyar tatsa. A zaunar da yaron a ɗaki mai sanyi, a juye baƙin mai, a goge gilashi, a yashe masa aljihu yana godiya. Gida ya fara jin jiki, Auta ta fara ƙorafi. Ƙannena mata, gwaggonninta, suka samu abin yi: "Ga uba da gareji, miji na kai wa bare dukiya? Raini ne!"

Rannan yaron ya yi tafiya, Auta ta zo gida da motar, suka fita unguwa da uwarta a ƙafa. Makulli na kan tebur yana kallona, ina kallonsa. Kafin su dawo na kai ta gareji, na juye mai, na canza filta, na mayar da ita inda take. Sai dai aikina ba ya fita ba sa hannu. Na manna sitikata a ƙarƙashin bonet: laƙabina, lambar wayata, da hotona sanye da baƙin tabaran nan da kowa ya san ni da shi.

Ba a jima ba giyar motar ta lalace. Laifin kamfani ne tsantsa, irin wanda garanti ke biya. Dila ya ɗaga bonet, ya ci karo da ni ina murmushi. Garanti ya tashi!

Da yamma sai ga Auta da akwati, ido jawur.

"Dadi, ya ci amanata! Ya ce shi ya kai ta wani gareji a ɓoye. Ya ƙi kawo maka, ya sa mun ƙuntata saboda garanti, ashe wani ƙaton banza yake kai wa!"

Ƙaton banza ya gyara zama.

"Ba za ta koma ba," in ji babbar gwaggo. "Yaya, sa ya ba ta takardarta!"

Washegari yaron ya zo biko a motar haya. Gwaggonni suka wanke shi tas, kansa na ƙasa. Da na raka shi ƙofa, ya rage murya:

"Baba, na ɓare sitikar, ba wanda ya gani sai dila. Don Allah kar Auta ta ji. Ba ta da gwani a duniya sai kai. Gara ta yi fushi da ni."

"To, garantin fa?"

"Na haƙura da shi. Ita ce ba zan iya haƙura ba." Ya ɗan murmusa. "Amma hoton ya yi kyau, Baba."

Ka ji yaro mai ido! Na kamo hannunsa muka koma falo.

"Auta, ƙaton banzan nan da kike zagi, yana da tabarau?"

Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ɗora hannu a ka.

"Dadi! Kai ne?"

"Ai na sani," in ji uwarta. "Rannan da maiƙo a hannun rigarka ka ci abinci."

Gwaggonni suka fara neman takalmansu. Auta ta durƙusa gaban mijinta tana kuka. "Sori, ka yafe min." Shi kuwa ya ɗauki akwatin kawai.

Giyar ni na sauke ta, na gyara da hannuna, kayan ma daga aljihuna. Yanzu yaron ya huta da dila, motar na tafiya kamar ruwa, Auta kuma na ɗauke da jikana.

'Yan mata, ku ji darasi: namijin da zai ɗauki laifin da ba nasa ba don ya rufa wa iyayenki asiri, riƙe shi da hannu biyu. Iyaye kuma, abin da yara suka ce kar a taɓa, a bar musu.

Duk garin nan ba mai suruki kamar nawa, kuma ni na gano darajarsa. Gaskiya ne, sai da na kusa kashe auren kafin na gano. Wannan kam, na amsa, aikina ne.