Gashin Nonye

"Ka faɗa mata?"

Nonso ya jawo kujerar roba ya zauna a bakin ƙofar ɗakin aikina, ya hau juya makullin mashin a yatsa.

"Nonso, da kai nake. Ka faɗa wa Mama kai ka ɗauko gashin nan, ko ba ka faɗa ba?"

"Bri... ki bari ta ɗan huce mana. Kin san tana da hawan jini."

"Yau kwana goma sha takwas!"

"Na sani, masoyiyata, na sani..."

Ni dai na gaji. Na sunkuyar da kai na ci gaba da goge fuskar 'yar tsanar da ke hannuna, ina murza auduga kamar ita ta yi min laifi.

Sana'ata ke nan, ko da yake ba kowa ke kiranta sana'a ba. 'Yan tsanar roba nake saye a gwanjo, in tsoma su a ruwan zafi har wuyan ya yi laushi, in zare kan. In goge fentin kamfani da ruwan cire jan farce, in tuge gashin ta ciki da hantsaki, sannan in zauna in yi wa kan sabuwar kama: in gyara leɓe da bakin reza, in zana ido da gira da fensir mai launi. Gashi kuwa da allura ake dasa shi, sili biyar-biyar, rami bayan rami, har wuyan mutum ya ƙage. Kai ɗaya yakan ci min sati uku. Masu tara irinsu a Legas da Abuja suna saye ta waya. Mutanen layinmu a Samaru kuwa "Briskila mai yanke kawuna" suke ce min. Da can da wasa suke faɗa.

A shagon mahaifiyarsa, Mama Ukachi, na san Nonso. Kayan wasan yara na gwanjo take sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Duk ranar da aka fasa dila shi ke ware min masu karyayyar ƙafa, waɗanda ba mai so, tunda ni kai kawai nake nema. Wata rana na isa gida na tarar da lambar wayarsa a rubuce a tafin ƙafar wata 'yar tsana. Sai da na yi kwana uku ina jan aji kafin na kira.

Shekara biyu muka yi. Iyaye sun yarda, an ma tsayar da ranar da za su zo gaisuwa gidanmu. Mama Ukachi ba ta ƙi ni ba, amma tun rasuwar Nonye ban ƙara ganin haƙoranta ba.

Nonye ƙanwar Nonso ce, autar gidan. Bara ta yi haɗarin mota a hanyar Kaduna. Kafin a shiga da ita tiyata aka aske mata kai, uwar ta durƙusa ta tsince gashin daga ƙasa, ta ƙulle a farin hankici. Nonye ba ta fito da rai ba.

Hankicin nan Nonso ya kawo min, haɗe da hotonta.

"Ki yi mana Nonye, mu ba Mama ranar cika shekara da rasuwarta. Za ta ji daɗi, Bri."

"Ta san ka ɗauko?"

"Ita ta ba ni ajiya."

Na ɗan yi shakka, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa aiki da gashin mamaci ba. Amma ina son matar nan ta dube ni ta yi murmushi ko sau ɗaya ne, sai na rufe bakina. Na wanke gashin, na taje, na yanka shi daidai tsawon da nake so. Na dasa rabi, na zuba gam ta ciki ya kama.

Ashe sati biyu Mama tana birkice gida tana neman hankicinta.

Ranar da abin zai faru, yadin da zan ɗinka na gaisuwa ta ce sai ta kawo min da kanta. Nonso ya kira ni sau shida don ya gargaɗe ni, wayata a mace, kwana biyu ba mu da wuta. Ina tsakar aiki na ji sallamarsu a kaina.

Ban ga laifinta ba a abin da idonta ya gani. Kai ne ba jiki, a soke a kan fensir. Fuska fayau, ba ido ba baki, don sai an gama gashi ake zana fuska. Allura a tsaye a tsakiyar kan. Gefe hoton 'yarta, gaba hankicinta a buɗe.

"Chineke! Yesu na! Gashin 'yata!"

"Mama, ki tsaya ki ji..."

"Mayya! Shi ya sa kika zo kina min shara a ɗaki ranar nan? Ashe sata kika zo yi!"

"Nonso ne ya kawo min! Ga shi nan, ki tambaye shi!"

Ta juya tana haki. "Nonso, kai ne?"

Na dube shi, shi kuma ya dubi takalminsa.

"Mama... mu je gida, jikinki na rawa."

Abin da ya faɗa ke nan. Ta fizge hankicin da ragowar gashin, kan kuwa ta ƙi ko taɓa shi. Kafin Lahadi magana ta tashi daga Sabon Gari ta iso cocinmu. Babana, tsohon malamin firamare, shekara ashirin shi ke karanta Littafi a gaban jama'a, aka ce ya ɗan huta tukuna. Bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Briskila, na san ba asiri kike yi ba. Amma na tsufa da amsa tambayoyin mutane." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Shi ya sa ranar ta goma sha takwas na ajiye audugar na fuskanci Nonso sosai.

"Kalma biyu ce fa. Ni ne. Shi ke nan."

"Bri, ki duba min. Babanmu ya tafi, Nonye ta tafi, ni kaɗai na rage mata. In ta ji ni na yi mata wannan, wa za ta kama?"

"Ni fa? Wa zan kama?"

"Ke kina da ƙarfin zuciya, abar ƙaunata..."

"Ya ƙare, Nonso. Ba zan shiga gidanku da sunan ɓarauniya ba. In ba ka buɗe baki ba, babu aure."

Ya riƙe hannuna ya yi ta rantsuwa, gobe, jibi, bayan an taso coci. Idanunsa sun cika da ƙwalla, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Yana sona, ban taɓa shakka ba. Ni ma abin haushin ina sonsa.

Lahadi ta zo ta wuce, shiru.

Ranar Talata da hantsi ina wanke burushi na ji an tsaya a ƙofa. Mama Ukachi ce, ta rame, ɗankwalinta a karkace.

Na durƙusa. "Sannu da zuwa, Mama."

"Ba zama na zo yi ba. Sauran gashin 'yata za ki ba ni."

"Mama, na riga na sa gam. In na tuge shi gutsuttsurewa zai yi."

"Kawo in gani."

Na jawo kwalin da na ajiye 'yar tsanar a ciki daga ƙarƙashin tebur. A cikin satuttukan nan na ƙarasa aikin, ba don kowa ba, na kasa barin Nonye da rabin kai ne kuma ba ido. Na cike bayan da gashin kanti, na zana fuskar, na mayar da kan a jikinsa. Na yaye ƙyallen da na rufe ta da shi.

Wadda ta ce ba za ta zauna ba sai ga ta a kujera.

Ta daɗe tana kallo. Can ta miƙa yatsa ta shafa gaban kan.

"Wannan nata ne." Ta shafa ƙeya. "Wannan ba nata ba."

"Haka ne, Mama. Bai isa ba."

Ta matso da fuskar kusa da idonta, ta ɓata rai kamar yadda take yi in an kawo mata dila mara kyau.

"Girar nan ba daidai ba ce. Akwai tabo a nan, ta hagu."

"Babu a hoton..."

"Masu hoto sun goge, ita ta ce su goge, wai yana ɓata mata kwalliya." Muryarta ta fara karyewa. "Tana shekara huɗu ta faɗo daga kan dila a shago. Ina can ina ciniki da wata mata, ban gani ba... Sa mata."

"Mama?"

"Na ce ki sa mata tabonta!"

Na ɗauki reza. Roba ba ta yafiya, in ka yanka ka yanka ke nan. Sai ji na yi ta kama wuyan hannuna da tafinta mai kaushi.

"Sama kaɗan... a'a, karkata shi... nan. Ya isa."

Na ɗan tsaga, na shafa hoda mai duhu a wurin da bakin burushi, na hure.

Mama ta ɗora 'yar tsanar a cinya ta fashe da kuka, irin kukan da ba a yi a gaban baƙo. Tana kiran sunan tana magana da yarensu. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na dafa gwiwarta ba, ita kuma ba ta ture ni ba.

Da ta lafa ta share fuska da bakin zane.

"'Yata, na san ba ke kika ɗauka ba."

Na ɗago kai.

"A akwatin babansu nake ajiye shi. Makulli biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya a wurin Nonso. Tun washegari hankalina ya dawo na tuna."

"Tun washegari? Mama, sati uku ke nan ana nuna ni da baki! An dakatar da babana a coci!"

"Na sani. Na cuce ki, ki yafe min." Ta sauke numfashi. "Jira nake ya faɗa da bakinsa. Kullum in zuba masa abinci in zauna a gabansa. Ya ci, ya ce na gode Mama, ya tashi. Na gaji da jira. Ranar Lahadi zan zo cocinku in tsaya a gaban kowa in wanke ki. Ki gaya wa babanki su sa mana wata ranar gaisuwa."

Abin da na yi sati uku ina roƙon Ubangiji ke nan. Na jira in ji daɗi ya zo, bai zo ba.

"Ina yake?"

"Yana waje gindin dalbejiya, shi ya kawo ni. Na ce ya shigo, ya ce zai kula da mashin."

Na tashi na fita.

Yana hango ni ya miƙe, fuskarsa duk tsoro.

"Yaya? Ta yi faɗa? Bri, me ta ce?"

"Ta san kai ne. Ta daɗe da sani."

Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya dafa ƙirji, har da 'yar dariya.

"Na gode Yesu! To ai shi ke nan, masoyiyata! Kin gani? Ba sai na ce komai ba..."

Na tsaya ina kallonsa. Kyakkyawan saurayina, mai taushin zuciya, wanda bai taɓa ɗaga min murya ba. Na hango kaina shekara goma nan gaba, a tsaye a gaban danginsa ana tuhumata da wani abin, shi kuma yana gefe yana jiran ƙura ta lafa.

Na zare zoben da ya sa min, na saka masa a aljihun riga.

"Bri! Mene ne haka? Ai komai ya wuce!"

"Allah ya sani ina sonka, Nonso."

"To me ya sa? Zan faɗa mata yanzu! Yanzun nan zan shiga!"

"Ta riga ta faɗa maka."

"Briskila, don Allah... kar ki yi min haka..."

Hawaye na zuba a fuskarsa, nawa ma sun ƙi tsayawa, amma ban miƙa hannu ba. Ba fushi nake ba. Ƙarfin sake jira ne ba ni da shi.

Mama Ukachi ta fito rungume da 'yar tsanar a cikin gyalenta. Ta dubi yatsana, ta dubi aljihun ɗanta, ba ta tambayi komai ba. Ta matso ta shafa kumatuna sau ɗaya, sannan ta juya gare shi.

"Sai da na ce ka shigo," ta ce a hankali. "Tayar da mashin mu tafi."